Shari'ar Kulu da Ɗiyarta ta Fari

Jiya na ji ɗayanku, ku sabbin lauyoyin nan, yana cewa shi dai a ba shi shari'ar fili ko ta kisan kai, wai shari'ar iyali aikin hutu ce: mace ta yi kuka, namiji ya yi rantsuwa, alƙali ya raba, kowa ya kama gabansa. Ban tanka ba don bakina da goro. Yau na tofar, sai ku gyara zama.

Na zo Yelwa ba da jimawa ba bayan an yanke jihar Kebbi daga Sakkwato. Wata ƙungiya ce ta buɗe ɗan ofishin taimakon shari'a kyauta a bayan kasuwa, shago ɗaya da rumfar kwano. Aikinmu bai wuce saki, ciyarwa, gado da riƙon yara ba. Mu biyu ne lauyoyin ofis masu albashi, ni da maigidana Barista Ladan, Allah ya jiƙansa. Akwai kuma lauyoyi masu zaman kansu da muke tura wa aiki idan ya yi mana yawa, ko idan masu husuma duk sun zo wurinmu, tunda ba ya yiwuwa ofis ɗaya ya tsaya wa mai ƙara kuma ya tsaya wa wanda ake ƙara. Ƙungiya kan ba su ɗan abin zuba mai, ba wani abin a zo a gani ba.

Baƙar rigar nan da hular gashi da kuke ɗoki, nawa a ƙusa suka zauna har gizo-gizo ya yi gida a ciki, domin a kotun yanki muke aiki, gaban alƙali, can kuwa ba mai saka su. Kayan aikina babur ne, da takalmin roba, da leda mai kauri, da tabarma. Ledar ta naɗe fayil ce. Rabin mutanenmu daga tungayen masunta na bakin tafkin dam suke, dole ka shiga jirgi ka same su, kuma igiyar ruwa ɗaya idan ta mari fayil, tawada ta zama shuni, aikin sati ya tafi. Tabarma kuwa dokar Ladan ce. Ya ce duk macen ƙauyen da ka zaunar a kujera, kai kana bayan tebur da biro a hannu, to ta ɗauke ka ɗan sanda, kuma abin da ake gaya wa ɗan sanda shi za ta gaya maka. Saboda haka a rumfa muke karɓar mutane, a ƙasa, biro yana aljihu.

Aikin farko da na ga Ladan ya yi na wata mata ce daga Shanga. Ta ce turminta take so a karɓo mata daga gidan miji. Turmi kawai. Ladan ya gyara zama kamar an kawo masa gadon gidaje, ya shiga tambaya. Na wane icce ne? Wa ya saya mata? Yaushe rabonta da daka a cikinsa? Ranar da ta bar gidan, me ya hana ta ɗauka? A nan ne ta ce ai maigidan ne ya faɗi wata magana cikin fushi, ita kuma ta fito ba ko ɗankwali. Wace magana? Ta faɗa, kanta a ƙasa. Ashe matar nan ciki gare ta, kuma abin da ya hana ta barci shi ne ba ta sani ba ko da aure a kanta ko babu. Bayan ta tafi Ladan ya ce mini, “Ka ji ko? Mutanenmu ba sa shigowa da maganar da ta kawo su. A waje suke ajiye ta tare da takalmi. Ka bi ta gefe, za ta shigo da kanta.” Turmin ma mun karɓo.

Sai kuma sanin rana. Mutumin tunga ba ya samun jirgi sai ranar kasuwa, don haka idan ka bari aka sa maka zama a wata rana, kai kaɗai za ka tsaya gaban alƙali kana rarraba ido, ba mai ƙara ba shaidu. Mutanen tudu kuwa, Kambari da sauransu, da damina ko sammaci goma ka aika, suna gona. Wasu da Hausa kaɗan suke zuwa, sai an nemo tafinta, kuma aurensu na da ƙa'idojinsa da babu su a littafin da kuka karanta. Su ma alƙalan lokacin ba duka ke son ganin lauya ba. Wani da ka miƙe zai ce, “Malam lauya, zauna, bari masu magana su yi maganarsu.” Ka zauna ɗin, ka jira lokacinka.

Akwai shekarar da har yau idan na tuna sai in yi hamdala da ta wuce. Fetur ya ɓace, ma'aikata suka shiga dogon yajin aiki, aka garƙame kotuna. Albashi ya tsaya. Ladan ya tare a Birnin Kebbi yana bin ƙafar kuɗin ofis, lauyoyinmu masu zaman kansu suka watse, kowa ya tafi neman abin da zai ci. Mutum ɗaya ya rage, Barista Ishaya, Bakambare ne daga tudun Ngaski, Kirista, amma ya san fiƙihun Malikiyya fiye da wasu masu rawani. Ni kuwa na jingine babur, na karɓi aron fadama na shuka shinkafa. Da safe gona, da hantsi in wanke ƙafa in buɗe ofis, don mutane ba su daina zuwa ba. Yunwa ba ta hana saki, ƙara shi take yi.

A cikin wannan shekara ne mata biyu suka shigo rumfa wata ranar kasuwa. Tsohuwar ita ce mai magana, doguwa, bakinta kamar reza. Ta ce sunanta Dije, bandar kifi take yi a wata tunga ƙasa da Wara. Ƙaramar ta zauna a can ƙarshen tabarma, ta ba ni gefe tana kallon titi. Dije ta ce ɗiyar ƙanenta ce, sunanta Kulu.

Ga abin da ya kawo su. Mijin Kulu masunci ne. Jirginsa ya daki kututture a tafki, irin itatuwan nan da ruwa ya shanye lokacin da aka yi dam, suna nan tsaye a ƙarƙashi har gobe, sai gawarsa aka tsamo. Ɗiya ɗaya ya bari, Hajo. Da yake ta fari ce, ana yaye ta uwar miji ta ɗauke, kamar yadda aka saba. Na biyun da Kulu ta haifa bai zo da kwana ba. Bayan takaba ta koma gidan gwoggonta Dije, gari ɗaya da gidan mijin, lungu ne daban. To yanzu kakar da ke riƙon Hajo ta rasu, yarinya ta faɗa hannun wan mijin, Nomau, shi kuma yana shirin kwashe iyalinsa zuwa Tafkin Cadi da zarar an gama girbi. Yarinya 'yar shekara bakwai idan aka tafi da ita can, uwa sai dai ta ji labarin ta yi aure, ta haihu.

Ban tambayi Kulu komai ba. Ku 'yan birni ne, wasunku iyayenku mata har shafa muku kai suke yi a gaban baƙi, to bari in gaya muku. A garuruwan nan, a wancan lokaci, mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi, ba ta kallonsa a bainar jama'a, idan ya faɗi a gabanta wata ce za ta ɗaga shi. Wadda ta nuna tana son ɗan farinta marar kunya ce, kuma zagin ba a kanta yake tsayawa ba, har gidansu yake isa. Hajo kanta “Kulu” take ce wa uwarta, kamar wata maƙwabciya.

Sai na bi ta gefe. Na ce, “Gwoggo, ita wannan baiwar Allah, tun fitarta takaba ba wanda ya zo neman aure?”

Dije ta tafa hannu. “Ba wanda ya zo? Ɗan nan, har mai jirgin inji ya zo. Duk ta kore su. Ta zauna mini a gida tana cinye mini gero.”

“Me ya sa take korarsu?”

“Wai ta ji wani malami ya ce a wa'azi, mace in ta yi sabon aure riƙon ɗa ya faɗi daga hannunta. Tun lokacin tsohuwar can, uwar mijin, na da rai fa. Ka ji mini wauta.”

Na dubi Kulu, ta ƙara juya mini baya. Na samu amsata.

A shari'a maganar ba ta da wuya. Uwa ce a gaba wajen riƙo. Idan ta bar wa kaka, kakar ta rasu, ita kuma ba ta da aure, riƙo ya dawo mata. Abu biyu ne ke iya kayar da ita: idan waliyyin yarinya zai yi ƙaura ta dindindin zuwa nesa, ko idan uwar ta sani ta yi shiru, shirun da ke nuna ta haƙura. Matsalar ita ce kotu a rufe, gero kuma ya fara fitar da kai. Na sayar da buhun shinkafar da nake ci na sayi fetur a galan, na ba mai jirgi, muka gangara tungar. Na samu sarkin ruwansu, dattijo mai jin magana, na roƙe shi ya riƙe Nomau kar ya tafi da yarinya sai alƙali ya ji. Ya ce zai iya riƙe shi zuwa ƙarshen girbi, bayan nan ba ruwansa, don mutum ba ya hana masunci bin kifi.

Ba a yi sati ba sai ga Nomau a rumfata, ƙato, hannuwansa duk kanta, ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi. Ya ce, “Malam, na ji nan ne ake ba da lauya kyauta. Ni ma a ba ni nawa.” Na ce ya yi daidai, haƙƙinsa ne, amma ni an riga shi, kuma kar ya gaya mini ko kalma ɗaya a kan maganar. Na kai shi har ƙofar Ishaya. Ishaya ya dube shi, ya dube ni, ya ce, “Wato kai ka ɗauki uwa, ni ka kawo mini wan miji. Allah ya isa, Na-Ladan.” Na ce ya kai ƙara. Ya karɓi aikin, ko kuɗin mai bai tambaya ba, don ya san babu.

Allah ya sa aka buɗe kotuna ana cikin yankan gero. Muka shigar da ƙara a Wara, aka sa mana ranar kasuwa. Alƙalin dattijo ne, mai sanyin murya, ba ya gaggawa. Maganar ƙaura ba ta daɗe ba. Na kawo shaidu cewa Nomau ya saba zuwa Cadi yana dawowa da damina, gonarsa na nan, ɗakinsa na nan, har ya ba da ajiyar tsohon jirginsa. Alƙali ya ce wannan ci-rani ne, ba ƙaura ba. Na fara jin daɗi a raina, sai Ishaya ya miƙe.

Ya ce, “Allah gafarta Malam, ni tambayata ɗaya ce. Ƙarar nan ta wace ce? Tun rasuwar tsohuwa, Kulu ba ta taɓa aikawa ta ce a ba ta yarinya ba. Gwoggonta ce ta je, kuma abin da ta ce shi ne a ba ta yarinyar ta riƙa taya ta ɗebo ruwa da tallan kifi. Ga ta nan, a tambaye ta.”

Aka tambayi Dije. Ta ce, “Awo, haka na ce. To mi zan ce? In ce ɗiyata na son ɗiyarta? A bakina?”

Kotu ta yi dariya, ni ban yi ba. Nomau ya nemi izini ya yi magana, kuma wallahi maganar da ya yi ta shige ni. Ya ce, “Allah gafarta Malam, Inna da za ta cika, hannun yarinyar nan ta kama ta sa a nawa. Ita kaɗai ce abin da ƙanena ya bari. Tare take cin tuwo da 'ya'yana. Ita uwar, shekara da shekaru muna gari ɗaya, ko a hanya suka haɗu sai ta kau da kai. Yanzu don wata tsohuwa na neman mai ɗaukar mata tire, sai in saki jinin ƙanena?”

Alƙali ya shiga jan carbi. Can ya ce lauya na iya yi wa mutum bayani, amma tunda an yi musun cewa ƙarar ma ba tata ba ce, to sai ya ji daga bakin Kulu. Ya ɗaga zama zuwa kasuwa ta gaba, ya ce a zo da yarinyar. Sarkin ruwa kuma ya aiko mini cewa kasuwar nan ita ce ta ƙarshe, motar da za ta kwashi su Nomau an riga an yi cinikinta.

A ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a bayan kotu na shimfiɗa tabarma na yi wa Kulu bayani. Ranar ce na fara jin muryarta sosai. Ta ce, “Malam, ba kai ne lauya ba? Ka faɗa mana.”

Na ce, “Na faɗa, an ce ba nawa bakin ake so ba.”

“In rantse da Alƙur'ani a ɗaki, ka kai masa?”

“Ba rantsuwa yake nema ba. Zai tambaye ki ne, ki ba shi amsa.”

“A gaban Yaya?”

Nomau take nufi. Wan miji kuwa, a wurinsu, ko inuwarsa mace ba ta takawa. Na ce ta gwada a nan, ba kowa sai ni da Gwoggo, ta ce kawai tana son a ba ta ɗiyarta. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa, sai ta ja mayafi ta toshe fuska. Dije ta taso mini kamar za ta cinye ni. “Kai ɗan nan, ba ka da uwa ne? So kake a yi ta nuna ta da baki a bakin ruwa har ta mutu? Wane irin lauya ne kai da ba ka iya magana sai an taya ka?” Na ce, “Gwoggo, zage ni da kyau, na saba. Amma in ba ta faɗa ba, yarinya ta tafi Cadi.” Na naɗe tabarmata.

Abin da ya rage a hannuna kaɗan ne, shi na yi. Na ja Ishaya muka shiga wurin alƙali a ofishinsa, na roƙi a fitar da 'yan kallo ranar zaman. Ishaya ya ce ya yarda a kori kowa, har da shi kansa in ana so, amma Nomau sai ya zauna, don ba a karɓe wa mutum yarinya a bayan idonsa. Na ji haushinsa ƙwarai, amma gaskiya ya faɗa, in ni ne a wurinsa haka zan ce. Alƙali ya amince. Muna fita ya kira ni, ya ce, “Malam lauya, kar ka ɗauka ban san abin da nake tambayarta ba. Ni ma ɗan fari ne. Innata har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba. Amma ba zan rubuta abin da ban ji ba.”

Ranar zaman, masinja ya kori mutane, ya rufe tagar da ke kallon kasuwa. Aka bar Hajo a baranda wurin matar Nomau. Muka rage alƙali da magatakardansa, ni da Ishaya, Nomau a gefe guda, Kulu da Dije a ɗaya gefen a ƙasa. Alƙali ya sassauta murya. Ya ce, “Kulu, yarinyar nan da ke waje, kina neman a ba ki riƙonta, ko kin bar wa wan mijinki?”

Shiru. Muna jin masu awon gero suna ciniki a waje. Alƙali ya maimaita, ya jira. Ina kallon biron magatakarda, don na san idan ya sauka a takarda da kalmar “ta yi shiru”, an gama. Ba abin da karatuna zai ƙara a wurin.

Can sai ta fara magana, ba da alƙali ba, da siminti. Ta ce, “Ba ta cin tarwaɗa. In ta ci, jikinta duk ƙuraje. Kuma ba ta iya ruwa ba. Sauran yara na shiga, ita a gaɓa take tsayawa tana yi kamar tana wankin kwano. Tun rasuwar tsohuwa ba a tsefe mata kai ba, kitson sallah ne har yanzu. Tana tari in sanyin asuba ya sauka. Ƙafarta ta hagu akwai kaushi ya tsage, tana ɗingishi in ba a kallonta.”

Nomau ya ɗago kai. Shi da yake kwana gida ɗaya da yarinyar, ya dubi Ishaya kamar yana tambayarsa ko haka ne.

Alƙali ya ce, “Na ji duk wannan, 'yata. Amma ba shi na tambaye ki ba.”

Dije ta sa hannu ta rufe kunnuwanta. Kulu ta dafa ƙasa da hannu biyu kamar mai shirin tashi, amma ba ta tashi ba. Muryar da ta fito ba irin ta ɗazu ba ce, ta yi kauri, ta fi ƙarfin ɗakin.

“Ni na haife ta. Ina son abata. A ba ni.”

Ta kifa fuska a cinyar Dije. Alƙali ya buɗe baki zai ce wani abu, ina jin so yake ya tabbatar don rubutu, sai Nomau ya riga shi. Ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita, ya juya wa Kulu baya gaba ɗaya. Ya ce, “Allah gafarta Malam, ya isa. Don Allah kar a sa ta ta sake faɗa. Wallahi ban sani ba. Na ɗauka ba ta so.” Sannan ya ce, “A ba ta. Amma in na dawo da damina, a bar yarinyar ta riƙa zuwa gaishe ni.”

Ishaya ya ce tunda mai abu ya faɗa, shi ba shi da ƙari. Alƙali ya yanke riƙo ga uwa, walicci na nan ga Nomau, da zumunci kamar yadda ya roƙa. Da muka fito Ishaya ya ce mini a kunne, “Ba kai ka kayar da ni ba, ka sani.” Na ce na sani, amma a ofis ni za a rubuta na ci.

Kar ku ɗauka an fito ana rungume-rungume. Tagar da aka rufe ba ta hana komai ba, kafin mu kai bakin ruwa rabin kasuwa ta ji cewa wata ta tsaya gaban wan mijinta ta ce tana son 'yar farinta. Na ga mata suna taɓa juna. Kulu ta wuce gaba ita kaɗai, tana sauri, kamar ba ta san waɗanda ke bayanta ba. Dije na biye, riƙe da hannun Hajo, yarinya na ta waiwayen matar Nomau tana share hanci. Ni na raka su ne don in ga sun shiga jirgi lafiya.

A jirgin ma Kulu can gaba ta zauna kusa da buhunan gishiri, Hajo da Dije a baya. Mai jirgi na fama da inji, sai Kulu ta yafito ni. Na taka ruwa na matsa. Ta kwance ƙullin da ke cinyarta, ta ciro wani ɗan zane, sabo fil, ko wanki bai taɓa gani ba, amma wurin ninkin duk ya koɗe. Ta miƙo mini, idonta na kan tafki. Ta ce, “Ka ba waccan. Da iska a ruwa.”

Na kai wa Hajo. Ta karɓa, ta juya shi, ta tambayi Dije na wane ne. Dije ta ce, “Na uwarki ne. Rufa.” Yarinya ta warware ta yafa, sai ga shi ko gwiwar hannunta bai rufe ba. Zanen 'yar yaye ne, ashe tun lokacin da aka ɗauke ta yake ajiye. Dije ta dube shi, ta dubi bayan Kulu. Hajo ta ja gefe da gefe ta haɗa a ƙirji, ta riƙe da hannu biyu don kar iska ta ɗauke, inji ya tashi.